Yadda Ake Auna Kaɗawar Igiyar Rediyo Daga Pulsa da Sauran Taurari, a Gane ko Fitar ta Haɗin Baki Ce

Wanda ya karɓi bayanan tauraron pulsa, wato ɗan ƙaramin tauraro mai juyawa da sauri wanda igiyar rediyonsa take iso mana bugu-bugu, daga na'urar hangen nesa ta rediyo a karon farko, abin da idonsa yake fara sauka a kai shi ne ƙarfin bugun: layi yana tafiya a kwance, sai ya yi tsalle, sai ya koma ya kwanta har zagaye na gaba. Da wannan alamar ce Jocelyn Bell Burnell ta gano pulsa ta farko a Kambirij ta Ingila a shekarar 1967, inda ta ga bugu yana maimaita kansa duk sakan 1.337 a kan takardar na'urarta. Sai dai ƙarfi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa huɗu da igiyar rediyo take ɗauke da su, kuma sauran ukun, waɗanda suke bayyana fuskar da igiyar take kaɗawa, su ne suke ba da labarin maganaɗisun tauraron da yadda hasken ya fito. Wannan jagora na ɗalibi ne ko mai sha'awar ilimin taurari da yake son ya fitar da ukun nan daga bayanai, ya tsabtace su, sannan ya yanke hukunci a kan irin fitarwar da yake gani.

A fara da fahimtar abin da ake aunawa. Idan mutum ya ɗaura igiya a turke ya riƙe ɗaya bakin yana kaɗa ta sama da ƙasa, tankwasar da take bin igiyar tana tsaye ne a fuska ɗaya, kuma wannan shi ne kaɗawa a miƙe. Idan kuwa ya riƙa juya hannunsa kamar mai zana da'ira, tankwasar za ta tafi tana murɗawa, ko ta dama ko ta hagu, wannan kuma shi ne kaɗawa a kewaye. Filin lantarkin da ke cikin igiyar rediyo haka yake yi. Tun shekarar 1852 George Gabriel Stokes ya nuna cewa lambobi huɗu sun isa su bayyana wannan hali gaba ɗaya, kuma har yau da haruffan I, Q, U da V ake kiran su. I shi ne jimillar ƙarfi, Q da U tare suna faɗin yawan kaɗawa a miƙe da kusurwarta a sararin sama, V kuwa yana faɗin yawan kaɗawa a kewaye, alamarsa ta ƙari ko ragi tana nuna hannun murɗawar. Daga Q da U ake samun L, wato ƙarfin kaɗawa a miƙe, ta L² = Q² + U², a kuma sami kusurwar kaɗawa ψ ta tan 2ψ = U/Q. Ƙa'idar ƙungiyar masana taurari ta duniya ita ce a ƙirga wannan kusurwa daga arewa a nufi gabas.

Ba sai kana da farantin karɓar igiyar rediyo naka ba kafin ka yi wannan aiki. Bayanan na'urar Parkes ta Ostareliya, mai faɗin mita 64, ana sakin su ga jama'a bayan wa'adin masu bincike ya cika, kuma kundin EPN na Turai yana ɗauke da siffofin bugun pulsa masu yawa, da dama daga cikinsu da dukkan lambobin huɗu. Kundin ATNF kuma, wanda ya ƙunshi pulsa fiye da 3,000, zai ba ka tsawon zagaye da nisa da sauran alƙaluman tauraron da ka zaɓa. Manhajar da akasarin masu wannan sana'a suke aiki da ita ita ce PSRCHIVE. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki pulsar Vela, domin tana da haske ƙwarai, tana juyawa sau ɗaya duk milisakan 89, kaɗawarta a miƙe tana da yawa sosai, kuma an auna ta sau ba adadi, saboda haka idan sakamakonka ya saɓa wa na mutane, ka san inda za ka nemi kuskuren.

Aikin farko shi ne share ƙarar da ɗan Adam ya jawo. Taurarin ɗan Adam, na'urorin rada da wayoyin salula duk suna zuba sigina a cikin zangon da ake sauraro, kuma abin da ya sa wannan ya fi damun mai auna kaɗawa shi ne, siginar da eriya ta watsa kusan kullum kaɗawarta a tsare take, don haka ko kaɗan ce ta shiga sai ta ɓata Q da U da V fiye da yadda za ta ɓata I. Ka buɗe bayanan a zanen firikwensi (yawan kaɗawar igiya a sakan ɗaya) da lokaci, inda aka raba zangon gida-gida da ake kira tashoshi, ka cire tashoshin da suka yi ɗau da haske babu dalili, ka cire na gefe biyu na zangon inda na'ura ba ta ji sosai.

Daga nan sai gyaran jinkiri. Sararin da ke tsakanin taurari cike yake da ilektiron warwatse, kuma suna sa igiya mai ƙaramar firikwensi ta iso a makare. Ana auna yawansu a kan hanya da lambar DM, jinkirin kuwa milisakan 4.15 ne a ninka da DM, a raba da murabba'in firikwensi a ma'aunin gigahaz. DM na Vela kusan 68 ne, saboda haka tsakanin gigahaz 1.5 da 1.2 akwai jinkirin kusan milisakan 70, wanda ya kusa cinye zagayen tauraron duka. In ba a mayar da kowace tasha wurinta ba kafin a haɗa su, bugun zai baje ya ɓace. Bayan an daidaita su sai a tara bugu a kan bugu bisa tsawon zagaye. Kowane bugu yana da siffarsa dabam, amma idan aka tara ɗaruruwa ko dubbai sai siffa guda tabbatacciya ta bayyana, wadda take ta wannan tauraron ce shi kaɗai.

Yanzu mun zo wurin da ya kamata a zauna a natsu, wato saita na'ura, domin a nan ne mafi yawan sakamakon ƙarya yake samo asali. Mai karɓar sigina yana da kunnuwa biyu. A wasu na'urori kunnuwan suna jin kaɗawa a miƙe ta fuskoki biyu da suka gicciye juna, a ce X da Y, a wasu kuma ɗaya yana jin murɗawar dama, ɗayan na hagu. Sigina daga kowane kunne tana bin wayarta da na'urar ƙara ƙarfinta, kuma ba a taɓa samun hanyoyin biyu sun zo daidai cif ba. A na'ura mai X da Y, ana samun Q ne daga bambancin ƙarfin kunnuwan biyu, don haka idan ɗaya ya fi ɗaya ji da kashi biyar cikin ɗari, tauraron da ba shi da kaɗawa a miƙe ko kaɗan zai fito kamar yana da ita. Idan kuma wayar ɗaya ta ɗan fi tsawo har sigina ta makara a cikinta, sai U ya zube cikin V, ka ga kaɗawa a kewaye inda babu ita. A na'ura mai kunnuwan dama da hagu lamarin yana juyewa: bambancin ƙarfi yana ƙirƙiro V na ƙarya, jinkiri kuma yana murɗa kusurwar ψ baki ɗaya. Wajibi ne ka san wane irin kunne ne ya ɗauki bayananka kafin ka taɓa komai, kuma wannan yana rubuce a kan fayil ɗin.

Maganin shi ne siginar gwaji. Kafin ko bayan kallon tauraro, ana kunna wata 'yar na'ura da take zuba ƙara sananniya a cikin mai karɓa, tana kunnawa tana kashewa. A na'ura mai X da Y ana saka ta ne a kusurwar digiri 45 tsakanin kunnuwan, ta yadda ya kamata su ji ta daidai wa daida kuma a lokaci guda. Duk bambancin da aka gani na na'ura ne, sai a cire shi daga bayanan tauraron, tasha bayan tasha. Ka duba zanen wannan gyara da idonka kafin ka yi amfani da shi. Ya kamata jinkirin ya bi layi mai santsi daga farkon zango zuwa ƙarshe, kuma tashar da ta yi tsalle ta fita daga layin, a jefar da ita. Bayan wannan akwai juyawar sama a kan na'ura: faranti irin na Parkes yana bin tauraro ne ta juyawa gefe da ɗagawa sama, don haka yayin da tauraro yake ketare sama, kunnuwan suna juyawa game da arewa. Manhaja tana lissafa wannan kusurwa ta cire ta, amma ka tabbatar an cire ta sau ɗaya ne, ba sau biyu ba. Wannan juyawa tana da amfani ma, domin idan aka bi tauraro mai ƙarfin kaɗawa na sa'o'i, abin da yake na tauraro zai juya tare da sama, abin da yake na na'ura kuma zai tsaya cik, ta haka ake gano yadda kunne ɗaya yake yoyo cikin ɗaya. Masu aiki da jerin faranti kamar VLA na Amurka sukan tabbatar da kusurwarsu da 3C 286, wani tushen rediyo mai nisa ƙwarai a sararin sama, wanda kaɗawarsa ta tsaya a kusan digiri 33 a tsawon zango na santimita 20, wato tazarar da ke tsakanin tankwasa ɗaya ta igiyar da ta gabanta.

Akwai wani tarko da nake so in ja kunne a kai musamman, shi ne alamar V. Masu nazarin pulsa sun saba ɗaukar V a matsayin hagu a cire dama, yayin da ƙa'idar ƙungiyar masana taurari take ɗaukar dama a cire hagu. Wanda ya kwatanta zanensa da na wani ba tare da ya bincika wannan ba, zai iya shelanta cewa tauraro ya sauya hannu alhali ma'auni ne ya sauya. Ka rubuta ƙa'idar da ka bi a ƙarƙashin kowane zane.

Da zarar an gama da na'ura, saura hanya. Michael Faraday ya gano a 1845 cewa maganaɗisu yana murɗa fuskar kaɗawar haske, kuma ilektiron ɗin nan na tsakanin taurari, da yake suna cikin maganaɗisun taurarin Hanyar Madara, haka suke yi wa igiyar pulsa. Ana auna ƙarfin wannan murɗawa a kan hanya da lambar RM, murɗawar kuwa ita ce RM a ninka da murabba'in tsawon zango. RM na Vela yana wajen 31 a ma'aunin radiyan kan murabba'in mita. Tsakanin gigahaz 1.2 da 1.5, wato zangon santimita 25 da 20, kusurwar za ta bambanta da kusan digiri 40, wanda ya isa ya rage L sosai idan aka haɗa tashoshi haka nan. A megahaz 150, inda zango ya kai mita 2, murɗawar ta kusa zagaye 20 cur. Hanyar nemo RM ita ce a gwada ƙimomi masu yawa, a warware murɗawar da kowace, a haɗa tashoshin, a ga wadda ta ba da L mafi girma. Ladan wannan wahala kuwa babba ne, domin RM a raba da DM a ninka da 1.232 yana ba da matsakaicin ƙarfin maganaɗisun da ke kan layin kallo a ma'aunin maikirogaus, wanda ga Vela ya ɗan wuce rabi. Saman iskar duniyarmu ma yana ƙara tasa 'yar murɗawar da take sauyawa tsakanin dare da rana, kuma mai son ƙima ta ƙwarai sai ya cire ta.

Kafin ka zana, ka tuna cewa L ba ya taɓa zama ƙasa da sifili, don haka ƙara kaɗai tana sa shi ya yi kamar akwai wani abu ko a wurin da babu bugu. Ka auna girman ƙarar, σ, a wajen bugun, ka cire σ² daga L². Kada ka zana kusurwa sai inda L ya ninka σ aƙalla sau uku, domin a nan ma kuskurenta ya kai kusan digiri 10.

Zanen da aka saba shi ne I da L da V a ƙasa, kusurwa a sama, duka a kan zagayen tauraron. A Vela za ka ga kusurwar tana zamewa sannu a farkon bugu, ta yi sauri a tsakiya, ta sake lafawa, kamar harafin S da aka miƙar. Wannan ne Radhakrishnan da Cooke suka fassara a 1969 bayan auna shi a Parkes: igiyar tana fitowa ne kusa da sandar maganaɗisu, fuskar kaɗawarta tana bin layukan maganaɗisun da suka bazu daga sandar, kuma yayin da tauraro yake juyawa layin kallonmu yana ketare su ɗaya bayan ɗaya. Gangaren da ya fi tsanani daidai yake da sin α a raba da sin β, inda α take kusurwar da ke tsakanin sandar juyawa da sandar maganaɗisu, β kuma kusancin da layin kallonmu ya yi wa sandar maganaɗisun. Gangare mai tsanani yana nufin mun bi ta kusa da tsakiyar hasken. A nan ina roƙon a yi hattara, domin bugu yakan mamaye ɗan ƙaramin yanki ne na zagaye, kuma a wannan ɗan yankin α da β masu yawa suna ba da lanƙwasa kusan iri ɗaya. Gangaren abin dogaro ne, amma α ita kaɗai ba a cika samun ta da tabbaci ba sai a pulsa mai faɗin bugu ko mai bugu na biyu daga ɗaya sandar.

Ba kowace pulsa ce take bin wannan tsari ba. Sau da yawa kusurwar takan yi tsalle na digiri 90 a tsakiyar bugu, kuma daidai wurin L yakan faɗi ƙasa. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce. Tun tsakiyar shekarun 1970 nazarin bugu ɗai-ɗai ya nuna cewa igiya iri biyu masu gicciye da juna suke fitowa daga filasmar tauraron (iskar da ilektiron ɗinta suke yawo a sake), wani lokaci wannan ta rinjaya, wani lokaci waccan, kuma inda suka yi kunnen doki sai su soke juna. Idan tauraronka yana da haske, ka zana kusurwar kowane bugu dabam, za ka ga layuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan kuma bugun yana da doguwar jela a ƙaramar firikwensi kuma kusurwar ta kwanta a cikinta, warwatsuwar igiya a hanya ce ta shafe lanƙwasar, sai ka koma babbar firikwensi.

Saura tambaya ta biyu: ilektiron ɗin da suka fitar da igiyar, kowane nasa yake yi ko baki suka haɗa? A taron da kowa yake maganarsa, ƙara tana ƙaruwa ne daidai da yawan mutane, amma idan ilektiron N suka kaɗa tare a lokaci guda cikin wuri da bai kai tsawon zango ba, ƙarfin yana tafiya da N², kuma wannan ne fitar haɗin baki. Ma'auninta shi ne zafin haske, wato zafin da abu zai kai kafin ya haskaka haka da zafinsa kawai: T = Sλ² / 2kΩ, inda S yake ƙarfin da ya iso, λ tsawon zango, k lambar Boltzmann, Ω kuma faɗin da tushen ya ci a sama. Ba ma iya ganin faɗin, amma lokaci yana ba mu iyaka, domin abin da ya haskaka ya mutu cikin milisakan ɗaya ba zai fi tafiyar haske ta milisakan ɗaya girma ba, wato kilomita 300. A ɗauki misalin pulsa mai nisan fasek 1,000 (fasek ɗaya ya ɗan wuce tafiyar haske ta shekara uku), mai bugun janski ɗaya (ma'aunin ƙarfin da ya iso) da faɗin milisakan ɗaya a zangon santimita 21. Lissafin zai ba ka kusan 10²³ a ma'aunin Kelvin. Kellermann da Pauliny-Toth sun nuna a 1969 cewa fitar da ba ta haɗin baki ba takan tsaya a wajen 10¹², domin in ta wuce haka ilektiron suna asarar ƙarfinsu nan take ta karo da hasken da suka fitar. Tafiyar tushe da gudu zuwa gare mu tana iya ɗaga wannan iyaka kaɗan, amma ba za ta cike giɓin sifili goma sha ɗaya ba. A pulsar gajimaren Kaguwa (Crab Nebula), Hankins da abokan aikinsa sun ga walƙiya mai tsawon nanosakan 2 da na'urar Arecibo a 2003, wanda yake nufin tushe da bai kai mita ɗaya ba da zafin haske na kusan 10³⁷.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, yawan kaɗawa a miƙe shi kaɗai ba hujjar haɗin baki ba ne, domin ilektiron masu gudu a cikin shiryayyen maganaɗisu suna iya kai ta kusan kashi 70 cikin ɗari ba tare da sun haɗa baki ba. Zafin haske ne hujja, kaɗawa kuma mai ba da shaida ce. Yadda pulsa take haɗa bakin kuwa, ko ta dunƙulen ilektiron masu bin lanƙwasar maganaɗisu kamar yadda Ruderman da Sutherland suka kawo a 1975, ko ta wata hanyar filasma, har yau masana suna jayayya a kai.

Ga sauran taurari, lambar da za ka fi sa wa ido ita ce V, domin kaɗawa a miƙe takan goge a cikin filasmar da ke kewaye da su. Idan ka ga walƙiya gajera, a zango matsattse, mai kaɗawa a kewaye da ta kusa kashi 100 cikin ɗari, hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta farko fitar filasma ce, irin wadda ake gani a wasu fashe-fashen rediyo na Rana, firikwensinta kilohaz 9 a ninka da tushen murabba'in yawan ilektiron a kowace santimita kubik, don haka yawan ilektiron take faɗa maka. Ta biyu ita ce mesa (maser, wato hanyar da igiyar rediyo take ƙara ƙarfi yayin da take ratsa ilektiron) ta ilektiron masu kewaya layin maganaɗisu, firikwensinta megahaz 2.8 a ninka da ƙarfin maganaɗisu a ma'aunin gaus, kuma tana aiki ne inda maganaɗisu yake da ƙarfi filasma kuma ta yi ƙaranci. Ita ce take bayan rediyon Jufita da Burke da Franklin suka gano a 1955, wanda yake yankewa a wajen megahaz 40, abin da ya yi daidai da gaus 14.

Don rarrabe su, ka bi tauraron na tsawon zagaye biyu ko fiye. Mesa tana harba haskenta ne a siririn bango mai siffar mazurari, saboda haka idan tushen ya daɗe, walƙiyar za ta dawo a wuri ɗaya na kowane zagaye. Haka Trigilio da abokan aikinsa suka ruwaito a shekarar 2000 game da CU Virginis, tauraro mai zafi da yake juyawa cikin kusan rabin yini, wanda yake ba da bugu biyu masu murɗawar dama a gigahaz 1.4. Haka kuma Hallinan da abokan aikinsa suka gani a 2007 a ƙaramin tauraro mai sanyi TVLM 513-46546, bugu duk sa'a 1.96 har a gigahaz 8.4. Ka raba megahaz 8,400 da 2.8, za ka sami gaus 3,000. Ka lura dai cewa idan fitar tana kan ninki na biyu na firikwensin ne, rabin wannan ƙarfi ya wadatar, kuma firikwensi mafi girma da ka gani iyakar na'urarka ce, ba lallai iyakar tauraron ba, don haka sai ka ci gaba da hawa zango har ka kai inda bugun ya yanke kafin ka ce ka auna maganaɗisun da ke kusa da fuskarsa.